Yadda Ake Zama Ɗan Rawaya a Gidan 'Yan Shuɗi Ba Tare da Suruki Ya Gane Ba

Ɗan'uwa, idan ka auri 'yar gidan da ba ƙungiyarku ɗaya ba a wasan besbol, wato ƙwallon sanda, kuma ka riga ka shara wa surukinka ƙarya, to kwantar da hankalinka, ka zo inda ya dace. Shekara talatin da biyu ina aski a wannan unguwa tamu ta Santo Domingo, kuma babu kan da ya taɓa zama a kujerata bai bar mini sirrinsa tare da gashinsa ba. Matakan da zan ba ka takwas ne. Na yi maka alkawari, in ka bi su ɗaya bayan ɗaya, surukinka zai tsufa ya tanƙware bai san launin zuciyarka ba. An gwada su a kan mutum mai rai, Nicanor kafinta, kuma sun yi masa aiki shekara goma sha ɗaya cur. Abin da ya faru a Lahadin ƙarshe kuwa laifinsa ne, za ka gani da idonka.

Mataki na 1: Ka yi ƙaryar da sauri

Nicanor mutumin Santiago ne, garin ƙungiyar Rawaya, inda jariri ma a rawayan zane ake naɗe shi. Ya zo babban birni neman aiki, ya samu aikin, ya kuma samu Yuderka, 'yar Don Fulgencio, tsohon direban bas wanda ya shafa wa ƙofar gidansa shuɗin fenti, da tagogi, da tukwanen furanni, har da kejin akunsa. Ranar gaisuwar farko Nicanor ya ɗosana a bakin kujera yana neman abin da ba shuɗi ba a falon. Biyu kawai ya gani: hoton marigayiya Doña Casilda, matar tsohon, cikin riga ruwan ɗorawa, da wani ƙaramin kofi mai irin launin a saman kabad, wanda ba a shan komai da shi. Irin waɗannan ƙananan abubuwa kada ka ɓata lokacinka a kansu.

Tsohon bai tambaye shi sana'a ba, bai tambaye shi dangi ba.

"Kai na wane ne?"

"Shuɗi, ranka ya daɗe."

Ka ga aiki? Ba inda-inda, ba kallon rufi. Don Fulgencio ya daɗe yana dubansa, sannan ya ce, "To." Bayan wata shida aka ɗaura aure a coci, aka ba shi rumfar bayan gida ya kafa wurin aikinsa, tsohon kuma ya fara kiransa "ɗana".

Wannan kalmar ita ce matsalar. Nicanor yana da shekara tara mahaifinsa ya rasu, kuma tun lokacin ba wanda ya sake kiransa haka. Ya faɗa mini da bakinsa, kumfa a haɓa, cewa ya gwammace ya rasa hannun da yake riƙe zarto da shi da ya rasa ta. In kai ma kana da abin da kake tsoron rasawa kamar haka, madalla, ƙaryarka za ta yi ƙarko.

Mataki na 2: Ka ɓoye hular

Kowane ɗan ƙwallo yana da abu ɗaya da ba zai iya yarwa ba. Na Nicanor wata 'yar hula ce rawaya, ta koɗe, wadda mahaifinsa ya saya masa a ƙofar filin wasa, ya rubuta a cikinta da biro: "Nicanor, daga Babanka." Na ce masa ya jefa ta kogi. Ya kalle ni kamar na ce ya jefa uwarsa. Sai ya yi wa akwatin kayan aikinsa gindi biyu, ya kwantar da ita a tsakani.

Sati biyu da aure Yuderka ta tono ta tana neman guduma.

"Nico, wannan fa?"

"Tsumman goge fenti ne."

"Tsumma mai baki? Tsumman da babanka ya sa wa hannu?"

"Don girman Allah, Yuderka, kada Baba ya ji."

Ta yi dariya har ta dafe bango. "Ni dai ba ruwana. Kai da Baba, ban san wanda ya fi wani taurin kai ba."

Bai gane abin da take nufi ba, kuma bai tambaya ba. Kai ma in matarka ta faɗi irin wannan, ka ɗauki gudumarka ka wuce.

Mataki na 3: Ka nemi wurin yin murna

A kantin Chepe na kan kwana muke kallon wasa. Talabijin na rataye a saman buhunan shinkafa, kujerun roba sun cinye rabin titi, teburin wasan domino a tsakiya, kujerar Don Fulgencio a gaba, ta Nicanor a damarsa. In 'Yan Shuɗi suka ci maki, abin mai sauƙi ne: ka tafa. Tafi da hannu ake yi, ba wanda zai duba ƙirjinka.

Wahalar tana nan in naku suka ci. Ga dabarar da na koya wa Nicanor, kuma ban ɓoye maka komai ba. Ka yi tari sau biyu. Ka dafe ciki. Ka ruga banɗakin bayan kanti, ka sa sakata, ka cusa tawul a baki, ka yi rawarka son ranka. Sannan ka wanke fuska ka fito kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Dabarar tana da 'yar illa. Duk unguwa ta yarda kafinta yana da wata cutar ciki da ke tashi daga Oktoba zuwa Janairu, daidai kakar wasa. Tsofaffin mata suka yi ta aiko masa da dafaffen ganyen gwaiba, da saiwoyi, da wani baƙin ruwa a kwalba wanda ko akuya ba za ta sha ba. Ya shanye duka, yana godiya. Tavito ɗan acaba, wanda bakinsa ya fi babur ɗinsa ƙara, yakan nuna shi ga baƙi da alfahari.

"Kun ga wannan? Shi ne ɗan Shuɗi na gaske. Mu in aka ci mu zuciya ce ke ɓaci, shi har hanjinsa ke fushi!"

Mataki na 4: A wurin musu, kalma uku sun ishe ka

Kalmomin su ne: "Haka ne, Baba." Ka haddace su, ka riƙa maimaitawa a gaban madubi.

Don Fulgencio yana da wata ɗabi'a. Sai ya zaɓi ɗan wasan Rawaya mafi ƙwarewa, ya yi masa zagin da ko shi kansa bai yarda da shi ba, yana kallon Nicanor ta wutsiyar ido. Shekara goma sha ɗaya Nicanor na amsawa da kalma ukun nan ba tuntuɓe, sai a wancan makon na wasannin ƙarshe ya kusa kwafsawa.

Shuɗi sun ci uku, Rawaya sun ci uku, saura wasa ɗaya ranar Lahadi da yamma a Santiago, wanda ya ci ya ɗauki kofi. Ba sai na koya maka wasan ba: mai jifa ya jefo, mai duka ya kai sanda, in ya samu ya ruga ya tsaya a ɗaya daga tashoshi uku, ya kuskure sau uku ya fita, mutum uku suka fita a canza hannu, haka har zagaye tara, wanda kuma ya cilla ƙwallon bayan katanga shi da duk waɗanda ke tsaye a tashoshi sun dawo gida da maki. Ranar Juma'a da hantsi aka zauna a teburin domino ana yanka wasan tun kafin a buga shi. Rawaya za su fara da bahagon mai jifansu, Eladio. Shuɗi kuma da Tanki suke taƙama, ƙaton da sanda ke zama kamar muciya a hannunsa.

"Tanki zai cinye bahagon nan har ƙashi," in ji Tavito. "Sau goma sha huɗu ya cilla ƙwallo bayan katanga a bana!"

"Sha uku a hannun masu jifa da dama," in ji Chepe daga bayan sikeli. "Da ya ga bahago sai ya riƙa dukan iska kamar mai korar sauro."

"Kai me ka sani ban da awon wake?"

"Na san mai babur ɗin da jiya kaza ta wuce shi a hawa."

"To bar Tanki. In aka kai zagaye na tara muna gaba, ai yaron nan mai jifanmu, Wuta, zai rufe ƙofa. Ƙwallonsa ba a ganinta, sai dai a ji ta."

"Gudu gare ta, amma a miƙe take zuwa kamar hanyar filin jirgi."

Don Fulgencio ya buga domino a tebur, ya karkato ido. "Wannan Eladio da kuke ta faɗa ba mai jifa ba ne, mai tallan rake ne ya yi ɓatan hanya. Kakata ta fi shi jifa, kuma shekara hamsin ke nan da binne ta. Ko ba haka ba, ɗana?"

Ban san abin da ya shiga kan Nicanor ba. Wataƙila ganyen gwaiba ne ya yi masa yawa.

"Ai Baba, tun da ya canza riƙo a watan jiya, ya ɗora yatsan tsakiya a kan ɗinkin ƙwallo, ƙwallon na zuwa gaban mutum sai ta nutse. A wasa huɗu mutum bakwai kaɗai suka taɓa ta. Gwiwar hannun ma ta warke, tun da gwaggonsa ta can Moca ta fara ɗaure masa da..."

Chepe ya tsaya da ludayi a sama. Idon tsohon ya kawo haske, ya matso har ƙirjinsa na taɓa tebur.

"Ci gaba, ina jin ka."

Daga ƙofar shagona na ɗaga aska na girgiza masa. Allah ya taimake shi ya hango ni.

"Amma dai haka ne, Baba. Mai tallan rake ne."

Don Fulgencio ya koma ya jingina, ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Kada irin wannan ta dame ka. Ajiyar zuciyar gamsuwa ce, ni na san ta.

Mataki na 5: In aka sa ka ƙera akwatin gawar ƙungiyarka, ka yi aikin banza

Ka san al'adarmu. In aka fitar da abokan gaba sai mu yi musu jana'iza. A samo kwali a shafa masa launinsu, a sa 'yar tsana a ciki, a ɗora a baro, mata su ɗaura baƙin kallabi suna kukan ƙarya, a zagaya unguwa da ganga, a ƙare a bakin fili a cinna masa wuta. A ranar Juma'ar nan, bayan an tashi daga domino, tsohon ya dafa kafaɗar Nicanor.

"Ɗana, bana ba kwali. Katako nake so, kuma daga hannunka."

Abin da ya kamata ka yi a nan a fili yake: ruɓaɓɓen katako, ƙusa huɗu, fenti shafa ɗaya. Nicanor ya kasa. Ya ɗauko katakon da ya yi shekara biyu yana ajiya don durowar kayan Yuderka. Ya auna, ya yanka, ya yi ta gogewa har mutum na ganin fuskarsa a jiki. Ya sa masa marikai na tagulla, ya shimfiɗa yadi a ciki, ya shafa rawayan fenti har hawa uku. Na leƙa rumfar ranar Asabar na ce masa, "Kafinta, ƙonawa fa za a yi." Bai ko ɗago ba.

"Ba zan binne su a akwatin tumatir ba."

Ranar Lahadi bayan an dawo daga coci, yana shi kaɗai a rumfa, sai ya ciro 'yar hular daga maɓoyarta. Ya riƙe ta a gaban akwatin yana ba ta haƙuri a hankali, kamar mahaifinsa na tsaye a wurin. Yana cikin haka ya ji ƙwas-ƙwas ɗin sandar Don Fulgencio a tsakar gida. Akwatin kayan aiki yana can nesa. Ya jefa hular cikin akwatin gawa ya rufe murfi.

Tsohon ya zagaya akwatin sau biyu, ya shafa marikan.

"Wanda ya ƙera wannan yana son mamacin."

"Sana'a ce kawai, Baba."

"To."

Nan take ya kira Tavito da Chepe suka ciccibi akwatin zuwa ƙofar kanti. Nicanor ya bi su a baya. In Shuɗi suka ci, za a buɗe murfin a gaban jama'a don a sa 'yar tsana, kuma abin da za a fara gani shi ne sunansa da rubutun babansa.

Mataki na 6: Ka zauna a kan shaida

A nan dole in yaba masa. Da aka kunna talabijin bai je kujerarsa ba, sai ya haye murfin akwatin ya zauna daram, fentin ma bai gama bushewa ba.

"Bari in danne su tun yanzu," ya ce.

Aka yi masa tafi. Tavito har ya sumbaci goshinsa.

Amma akwai abin da ni da shi muka manta, kuma kai kada ka manta. A kantin Chepe, da zarar Shuɗi suka shiga gaba a babban wasa, ba mai sake motsawa daga inda yake. Wanda ya motsa shi ya kori sa'a, kuma unguwa ba ta yafewa. Akwai mutumin da ya tashi ɗauko ashana shekara goma sha tara da suka wuce, har yau ba a amsa masa gaisuwa sosai.

A zagaye na biyu Eladio ya sa Tanki ya daki iska sau uku, kamar yadda Chepe ya faɗa. Sai wani siririn ɗan wasan Shuɗi wanda ba wanda ya ambaci sunansa duk makon ya rufe ido ya kai sanda, ƙwallo ta haura katanga da mutum biyu a tasha. Uku da babu. Titi ya ɗauki ihu, Don Fulgencio ya buga sandarsa a ƙasa.

"Kowa ya tsaya inda yake!"

Chepe ya ƙame da hannu ɗaya a cikin firij. Tavito ya ƙame da ƙafa ɗaya a kan babur. Wata baiwar Allah da ta zo sayen man gyaɗa ta bar tukunya a wuta ta ƙame da kwalbarta tana roƙon a tura wani ya sauke mata, amma ba mai tashi. Ni ma dokar ta kama ni a ƙofar shago, da mutum a kujera rabin gemunsa a aske.

Nicanor kuwa ya waiga ya dubi ƙofar banɗaki. Taku goma sha biyu ne tsakaninsu, kuma an rufe hanyar. A zagaye na bakwai, da Eladio ya fitar da Tanki karo na uku, ƙafar kafinta ta fara rawa ita kaɗai a gefen akwati. Ya damƙe ta da hannu biyu ya ce jijiya ce.

Mataki na 7: In abin ya zo, ka yi tari kawai

Aka shiga zagaye na tara har yanzu uku da babu, Rawaya ne za su yi dukan ƙarshe. Sai kocin Shuɗi ya fito ya karɓi ƙwallo daga hannun mai jifan da ya hana su ko maki ɗaya tun farko, ya kira Wuta.

"Me ya sa? Me ya yi masa?" Chepe ya yi ihu, hannunsa na daskarewa a firij. "Mutum na cin tuwonsa lafiya ka ɗauke kwano!"

"Yi mana shiru, ya yi jifa sama da sau ɗari, hannunsa ya mutu," in ji Tavito. "Wuta, rufe mana ƙofa mu je jana'iza!"

Wuta ya fitar da na farko. Na biyu ya samu tasha. Na uku ya fita. Na huɗu ya samu, na biyar ƙwallo ta same shi a cinya aka ba shi tasha kyauta. Tashoshi uku sun cika, saura mutum ɗaya a fitar a gama. Sai ga Melquiades ya taho yana ɗingishi, tsohon mai cafke ƙwallo na Rawaya, ɗan shekara talatin da tara, gwiwa a naɗe.

"Wayyo, a ba kakan nan kujera!" in ji Tavito. "Sandar dogarawa ya kamata a miƙa masa!"

Nicanor ya san abin da duk ɗan Santiago ya sani: Melquiades ba ya iya gudu, ba ya iya sunkuyawa, amma ƙwallo mai sauri da ta zo a miƙe ita ce abincinsa tun yana saurayi. Ya cije leɓe. Jifa ta farko, tsoho ya daki iska. Ta biyu, ya sake dukan iska har ya kusa faɗuwa. Mata suka fara ɗaura baƙin kallabi a zaune. Wani ya miƙo 'yar tsana daga hannu zuwa hannu har ta iso kusa da akwati.

Jifa ta uku, sai muka ji ƙau!

Ƙwallon ta tashi, ta yi ta tafiya, ɗan Shuɗin da ke can baya ya bi ta har ya manna bayansa da katanga, ya ɗaga kai yana kallonta tana wucewa. Huɗu da uku. An gama.

Umarnina a nan mai sauƙi ne: ka ja numfashi, ka yi tari biyu, ka sunkuyar da kai. Nicanor ya ja numfashin, wannan na shaida. Abin da ya fito kuwa har karnukan layi na uku sun amsa. Ya yi tsalle ya dire, ya fizge murfin da hannunsa, ya ciro 'yar hular yara ya ɗora a tsakiyar ƙaton kansa, ya haye kan akwatin yana taka rawar shekara goma sha ɗaya da banɗaki kaɗai ya taɓa gani.

"Melquiades uban kowa! Tsoho mai ran ƙarfe! Ina mai tallan rake? Ina Tanki? Tankin ruwa!"

Ya juya yana karkaɗa ƙugu, duk mazaunin wandonsa rawaya shar. A juyi na uku ne ya lura ba sautin kowa a titin sai nasa.

Mataki na 8: Ka musanta

Ko an kama ka da hula a ka, ka musanta. Nicanor ya sauko a hankali.

"Gwada muku nake yi," ya ce. "Haka marasa kunyan can suke yi yanzu a Santiago."

Ba laifi, da ni ne ma abin da zan faɗa ke nan. Amma Tavito ya riga ya fizge hular ya juya cikinta, ya karanta da ƙarfi yadda na ƙarshen layi zai ji. Wata tsohuwa ta ce, "Ganyen gwaibata!" Don Fulgencio ya dogara sanda ya miƙe, ya miƙa hannu.

"Ba ni ita nan."

Nicanor ya waiga. Ya dubi kujerarsa da ke dama da ta tsohon, ya buɗe baki zai ce "Baba", sai ya kasa, don bai san ko har yanzu yana da izinin faɗa ba. Ban taɓa ganin ƙato ya koma ɗan shekara tara a gaban idona ba sai ranar, kuma ba zan ɓoye maka ba, na ji tausayinsa.

Tsohon ya karanta rubutun, ya kaɗe ƙurar katako daga bakin hular.

"Shekara talatin da takwas na zauna da Casilda," ya ce. "'Yar Rawaya ce tun daga gashi har farce. Kullum da safe, kofin nan nata a hannu, sai ta zagi ƙungiyata kafin ta gaishe ni. Ranar da muka ci su ba ta sa wa wake gishiri. Tun da ta tafi, gidan nan kowa 'haka ne, Baba'. Aku ma 'haka ne' ya koya. Sai ga ka ka shigo da harshen Santiago a bakinka, ka ce mini 'Shuɗi' kamar mai haɗiyar maganin zazzaɓi. Na ce Allah ya kawo mini abokin faɗa. Shekara goma sha ɗaya ina zagin 'yan wasanka a gaban idonka. Kakata na tono daga kabari saboda kai. Akwatin gawarsu na sa ka ƙera, ko za ka fashe. Kai kuma kullum sai banɗaki!"

"To me ya sa ba ku faɗa mini ba?"

"In roƙe ka ka yi mini musu? Ni? A gidana?"

Yuderka, wadda ta iso tun ihun farko da cokalin miya a hannu, ta ce, "Ban faɗa maka ba? Ku biyun nan."

Don Fulgencio ya ɗaga hannu ya ɗora wa Nicanor hular a ka, ya gyara mata zama.

"Yanzu saurara, ɗana. Wannan Melquiades naku sa'a ya yi. Ido ya rufe, ƙwallo ce ta zo ta daki sandarsa."



"Haka ne, Ba..."

Tsohon ya ɗaga sanda.

"Ƙarya ne, Baba! Ƙarya ce tsagwaronta! Tun jifa ta biyu yake auna yaron, da gangan ya kuskure! Kocinku ne bai san hannunsa na dama ba!"

"Kai! Kocin nawa? Kai da ka zauna a kan ɗanyen fenti za ka koya wa wani hankali?"

"Ku da kuka ce Tanki zai ci bahago fa? Sau uku yana fifita!"

Tsohon yana zagi yana dariya, hawaye na bin kumatunsa, bai ko share ba.

Jana'iza dai ba a fasa ta ba, don al'ada al'ada ce, mamacin ne kawai ya canza. Nicanor ya juye ragowar shuɗin fentin ƙofa a kan akwatin, ya ɗora a baro. Da yake shi kaɗai ne ɗan Rawaya a unguwar, shi ya tura, shi ya yi kukan ƙarya, shi ya buga gangar da baki. Don Fulgencio na biye da shi taku ɗaya a baya yana zaginsa layi-layi. Da aka isa bakin fili tsohon ya hana a ƙona, ya ce aikin ɗansa ba na wuta ba ne, kuma baɗi za a sake masa fenti.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin duk abin da ya biyo bayan bin waɗannan matakai, ko ciwon ciki na gaskiya daga shan saiwoyi, ko wandon da fenti ya ɓata, ko tukunyar da ta ƙone, ko gemun da aka bari rabi. Masu cewa ai na san Doña Casilda, kuma shekara da shekaru ina jin faɗansu ta bangon shagona, gaskiya ne na san ta. Ba a tambaye ni ba ne.

Haka kuma ba ni da hannu a hayaniyar da ke tashi daga gidan mai shuɗiyar ƙofa kowace safiya, wadda ta sa aku ya koyi sababbin kalmomin da ba zan rubuta a nan ba. An sauko da ƙaramin kofin nan daga saman kabad, kafinta ke shan kofi da shi yanzu, yana nuna surukinsa da yatsa. Jiya tsohon ya zo aski, na ce masa ko in je in yi musu sulhu. Ya riƙe hannuna da askar a ciki, ya ce in na kuskura na sasanta su, ba zai sake zama a kujerata ba.